Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kebbi Kan Kundin Littattafan Makarantun Bagudo

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,
Dakta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu,
Gidan Gwamnati, Birnin Kebbi.



  

Ranka ya daɗe, ni malamin Hausa ne a wata sakandaren gwamnati a Ƙaramar Hukumar Bagudo, can tsallaken Kogin Neja, wanda mu nan muke kira Kwara. Makullin laburaren makarantar yana aljihuna shekara da shekaru. Ba wanda ya naɗa ni. Malamin da ya riƙe shi kafin ni ne ya yi ritaya, ya ajiye shi a kan teburina ya ce, "Kai ne mai son takardu," shi ke nan aiki ya zama nawa. Na san bai dace ƙaramin ma'aikaci ya tsallake na gaba da shi ya yi magana da gwamna a bainar jama'a ba. Sai dai na bi ƙofofin da aka saba bi. Na rubuta, na sake rubutawa, na hau mota da kuɗin aljihuna na kai takarda da hannuna, an karɓa an buga mata hatimi, an ce za a neme ni. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo baya. Ba zan ambaci ofis ko mutum ba, domin ba ƙarar kowa na kawo ba. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto maka kai tsaye shi ne ka riƙe alli kafin ka riƙe jiha, har ka shugabanci Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya. Ka san ƙurar aji, ba sai an ba ka labarinta ba.

Maganar ita ce ta mayar da rajistar littattafan makarantu zuwa intanet, yadda malami ko ɗalibi zai danna waya ya ga wane littafi ne ke akwai, a wace makaranta yake, yana kan kanta ko an are shi. Bari in faɗa tun farko, kada a yi mini mummunar fahimta: ina goyon bayan wannan aiki, kuma mu na bakin iyaka mun fi mutanen Birnin Kebbi buƙatarsa. Abin da nake tsoro shi ne a yi mana shi irin yadda na taɓa ganin an yi. Wasu baƙi sun taɓa gayyatar mu bita ta kwana biyu a wani otal. An nuna mana shafi a majigi, an ba kowa kalmar sirri a guntuwar takarda, an ɗauki hoto, an raba kuɗin mota. Aka ce kowa ya koma ya shigar da littattafan makarantarsa. Na koma da niyyar yi. Abin da na tarar shi ne zan zayyana maka.

Na farko, kuma shi ne uwa uba: ba mu san abin da muke da shi ba. Da na ɗauko tsohon littafin rajista don in kwafe, sai na ce bari in fara gwada shi da kanta. Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Rajista ta ce akwai ƙamus, kanta ta ce ba ta san zancen ba. Rajista ta ce akwai littattafan kimiyya na aji ɗaya, na je sito na tarar da kwalayen jingine da bango tun ranar da aka sauke su, ba a ko yanke igiyarsu ba. Na ɗaga na sama lafiya lau. Na kama na ƙasa sai gindinsa ya zube a ƙafata: gara ta shiga ta ƙasa ta cinye cikin, ta bar bango da tambarin "ba na sayarwa ba ne" yana ƙyalli. A ɗaya gefen kuma ga littattafai masu kyau a kan kanta waɗanda rajista ba ta taɓa jin labarinsu ba, wasu tsofaffin ɗalibai ne suka kawo, wasu kuma wani malami ne ya bari da aka yi masa canjin wurin aiki.

Kada ka yi saurin zargin shugabannin makarantu da sakaci. Tsoro ne ke kulle littafi a sito. Shugaban makaranta ya san idan masu bincike suka zo aka ƙirga aka ga gibi, shi za a tuhuma. Littafin da ke cikin kwali ba ya ɓata a lissafi, ko da gara ta gama da shi. Wanda aka ba yaro ya tafi da shi gida kuwa yana iya jiƙewa a kwalekwale. Saboda haka mai hankali sai ya zaɓi kwali. Muddin ba a cire wannan tsoro ba, duk wanda aka ce ya cika kundin intanet zai kwafe tsohuwar rajista ne ko takardar da ɗan kwangila ya kawo kaya da ita. A Birnin Kebbi kwamfuta za ta nuna maka kantoci cike, a Tsamiya yaro yana zaune hannu rabbana. Ƙarya a takarda aƙalla tana tsufa ta yage. Wadda aka sa a kwamfuta kullum sabuwa take, kuma da ita za a yi kasafin baɗi a ce wannan makaranta ba ta buƙatar ƙari.

Na biyu shi ne sabis da wuta. Wanda ya tsara shafin da aka nuna mana a otal bai taɓa kwana a bakin iyaka ba. A wajen Lolo, inda Madekali ke tsallaken iyaka, ko Tsamiya da ke fuskantar Segbana, sau da yawa wayarka kan bar layin Nijeriya ta kama na Jamhuriyar Benin, saƙo ya shigo da Faransanci yana yi maka maraba da zuwa ƙasar da ba ka taka ba, kuɗin da ka sa kuma su narke. Na taɓa zama a gindin bishiyar da sabis ya fi kamawa a makarantarmu, na rubuta sunan littafi, sunan marubuci, maɗaba'a, shekara, na danna a ajiye, abin ya yi ta juyawa har ya ce in sake daga farko. Littafi ɗaya ke nan. Batun wuta kuwa ba sai na ɓata maka lokaci ba, cajin wayar ma a kasuwa muke biya.

Wannan matsala tana da magani, kuma ba sabo ba ne. Manhajar laburare da ake kira Koha, wadda jami'o'i da dama a ƙasar nan ke amfani da ita, ba a babban birni aka ƙirƙire ta ba. Hukumar laburaren wata gunduma mai suna Horowhenua a ƙasar New Zealand ce ta sa aka rubuta mata ita a 1999, ta fara aiki a farkon 2000, aka kuma sake ta kyauta ga duk mai so. Sunan ma a harshen Maori kyauta yake nufi. Ana iya girka ta a kwamfuta ɗaya cikin makaranta ta yi aiki ba tare da intanet ba, kuma tana da hanyar rubuta aron littafi lokacin da layi ya yanke, a tura bayanan daga baya. Ban ce lallai sai ita ba, masana sun fi ni sanin wadda ta dace. Abin da nake cewa shi ne duk manhajar da za a kawo mana, a fara gwada ta a inda sabis ya fi muni. In ta yi aiki a Lolo, za ta yi a Jega da Argungu ido rufe.

Na uku ya shafi fannina, don haka ka yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kansa. A wurin bitar an nuna mana dabara mai burgewa: ka haska lambar da ke bayan littafi, sai bayanansa su fito da kansu. Wannan lamba ta ISBN sai wajen 1970 ta zama ƙa'ida a duniya, kuma a Nijeriya Babban Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita. To, tsofaffin bugun littattafan Hausa na Zariya da ke kantarmu ba su da ita. Littattafan hikaya da aka buga a Kano, waɗanda su ne 'yan matanmu suka fi rububin karantawa, da yawansu ba su da ita. Haka 'yan ƙananan littattafan fiƙihu da tauhidi na ajami da ake saye a bakin masallaci. Da na tambayi mai koyar da mu yadda zan yi da waɗannan, sai ya ce in fara da masu lamba, sauran a bar su tukuna. Ranka ya daɗe, na san "tukuna" ta aikin gwamnati. Ma'anarta kundin zai cika da littattafan Turanci, wanda ya duba shi daga nesa ya ɗauka yaran Bagudo ba su da abin karantawa da harshen da suke mafarki da shi.

Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Wancan shafi bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Na rubuta "ƙasa" ya mayar mini da alamar tambaya a madadin harafin farko. Na haƙura na rubuta "kasa", wadda ko dai macijiya ce ko gazawa. Littafin tarihin ƙasa ya koma na macijiya. Abin dariya ne a baki, amma ka duba abin da zai biyo baya: wani malami zai rubuta da lanƙwasa, wani babu, wani ya sa ɗigo a gaban harafin, littafi ɗaya ya zama uku a kundi, yaron da ya nema da rubutun da na koya masa a aji kuma a ce masa babu. Na shekara ina jan kunnen ɗalibai kan bambancin "ɗaki" da "daki", sai kwamfutar gwamnati ta zo ta nuna musu ni ne mai neman fitina. Gyaran ba shi da wuya. Haruffan nan suna cikin tsarin rubutun kwamfuta na duniya, wayoyin yaran ma suna da su. Sharaɗi ne kawai da za a rubuta tun a takardar kwangila: manhajar ta karɓi haruffan Hausa da na Larabci, kuma ko mutum ya nema da lanƙwasa ko babu, ta kai shi ga littafin.

Kada kuma a manta da inda muke. A ajina akwai mai jin Dandanci a gida, akwai Bafulatani, akwai Bakyange, akwai wanda kakarsa ke Malanbil ta Benin kuma ya fara karatu da Faransanci kafin iyayensa su dawo da shi nan. Irin waɗannan yara kan zo da littattafan Faransanci daga tsallake, su ne ma ke taimaka wa malamin Faransanci in akwai shi. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta raba gonaki da zuri'a, amma ba ta hana littafi ƙetarewa a cikin jakar yaro ba. Kundin da aka yi don mu ya kamata ya san da haka.

Na huɗu gajere ne. Ba mu da ma'aikacin laburare. Ni ina koyar da azuzuwana cikakku, laburare sai lokacin tara ko bayan tashi. A makarantu da yawa ɗan bautar ƙasa ake miƙa wa duk abin da ya shafi kwamfuta, shekara ta cika ya tafi da kalmar sirri a kansa. Ƙasar nan tana da hukumar rajistar ma'aikatan laburare tun 1995, Manufar Ilimi ta Ƙasa kuma ta ɗora wa masu makarantu samar da laburare mai aiki. Ɗaki da kanta da kwamfuta ba sa aiki da kansu.

Za ka iya cewa, to Malam, in abin yana da wannan wahala, me ya sa kake nemansa? Saboda kogi, ranka ya daɗe. Kwara ta raba ƙaramar hukumarmu biyu: Bagudo da Zagga a gefe guda, Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya a ɗaya gefen. In ruwa ya cika, kamar ambaliyar 2020 da ta shanye shinkafar jihar nan ta kuma wahalar da masu bin hanyar gadar Tuga, makarantar da ke nan ba ta san halin da ta can ke ciki ba. Ko da rani ma ba wanda zai hau kabu-kabu ya ƙona mai don kawai ya je ya tambaya ko akwai wani littafi.

Akwai wata ɗalibata, yarinya mai kaifin kai, da za ta rubuta jarrabawar fita. Littafin adabin da aka sa musu kwafi ɗaya muke da shi, shi ma shafukan ƙarshe sun zube. Kullum in ta gan ni da makulli sai ta biyo ni ta ce, "Malam, littahin nan hwa, an samu?" In ce mata ana nema. Haka ta shiga jarrabawa da labarin da ba ta san ƙarshensa ba sai abin da na ba su da baki. Bayan watanni na je ɗaurin aure wani gari a tsallake, na sauka wurin wani abokin aiki, hira ta kai mu laburarensu. Ga littafin nan jere a kanta, sababbi, ƙura ta rufe su, domin su a shekarar ba su da malamin Hausa. Tafiyar da ba ta kai yini ba ce tsakaninmu. Na tsaya ina kallonsu na rasa abin cewa. Da akwai kundi ɗaya da ya haɗa mu, da saƙon waya ɗaya da direban motar kasuwa sun kashe maganar. Gwamnati ta riga ta sayi littafin, kuɗinta sun riga sun fita, yarinyar ce dai ba ta gan shi ba.

Rubuta sunan littafi da inda aka same shi kuma gadonmu ne a wannan masarauta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, kuma jami'ar jihar nan ta Aliero ke ɗauke da sunansa, ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Da wannan lissafi ne masana a yau suke sanin abin da ake karantawa a ƙasar nan shekaru fiye da 200 da suka wuce. Kai mai riƙe da sarautar Ƙaura a Gwandu ba sai an tuna maka wannan ba.

Batun kuɗi na san shi ne amsar da aka fi saurin ba mai roƙo. Amma ƙofofin suna nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, har da ƙaramar sakandare, kuma kayan karatu na ciki. Kebbi tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya don karatun 'yan mata, wanda koyar da amfani da kwamfuta ke cikin ayyukansa. Hukumar sadarwa ta ƙasa tana da asusun da aka kafa musamman don kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba. Tun 2015 kuma JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ga yaranmu da yawa ranar jarrabawar ce ranar farko da yatsansu ke taɓa madannai. Yaron da ya saba neman littafi a kwamfutar laburare ya rage wannan tsoro tun kafin ranar. Abin da nake gudu kawai shi ne kuɗin su ƙare a sayen na'urori da bikin yanke ƙyalle, domin su ne ke fitowa a hoto, ƙirgar littattafai a sito mai zafi kuwa ba mai ɗaukarta.

Saboda haka, Mai Girma Gwamna, ga abin da nake roƙo.

Ina roƙon ka ba da umarni a ƙirga littattafan kowace makarantar gwamnati a Ƙaramar Hukumar Bagudo da hannu, kanta bayan kanta, kwali bayan kwali, kafin a shigar da ko harafi ɗaya a intanet. Ka haɗa umarnin da afuwa a rubuce: duk gibin da aka samu a wannan ƙirga ta farko ba za a tuhumi shugaban makaranta ko malami a kansa ba. In babu wannan afuwa, ba za ka ji gaskiya ba. A kuma fito da ƙa'ida a fili cewa littafin da ya tsufa ko ya lalace a hannun ɗalibi ba laifin malami ba ne. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da na Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi za su iya taya mu wannan aiki lokacin hutu, in aka ba su abin mota da na abinci.

Ina roƙon a zaɓi manhajar da ke aiki ba sabis, mai karɓar haruffan Hausa da na Larabci da na Faransanci, mai ba da damar shigar da littafin da ba shi da lamba. Bayanan su zama mallakar jiha, a hannun ma'aikatan jiha, yadda ranar da kwangila ta ƙare kundin ba zai bi ɗan kwangila ba. Kowace makaranta kuma a bar mata kwafinta a takarda, saboda ranar da batir zai mutu.

Ina roƙon a fara gwajin da mu, da 'yan makarantu kaɗan a ɓangarori biyu na kogi, kowace da kwamfuta ɗaya da sola da kabad mai ƙafar ƙarfe da gara ba ta hawa. A ba su izinin ara wa juna littattafai a hukumance, shugaban makaranta ya sa hannu, ɗaya ya karɓa ya sa hannu. Bayan zangon karatu uku a turo wanda zai zo ya gani da idonsa, ba tare da an sanar da mu ranar zuwansa ba.

Ina roƙon a ɗauki ƙwararren ma'aikacin laburare ko da guda ne ga kowane rukunin makarantu, a ba shi babur. Malaman da ke riƙe da makulli irina kuma a rage musu darasi, a rubuta aikin a takardarsu, yadda in an yi musu canji za a yi miƙa aiki kamar yadda ake yi wa mai riƙe da kuɗi.

Roƙona na ƙarshe shi ne, duk ranar da aiki ya kawo ka Bagudo, ka ƙetare gada ka tsaya a kowace makaranta ka ga dama, ka ce a buɗe maka sito, ka sa a ɗaga maka kwalin da ke ƙasa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba jiharmu zaman lafiya da damina mai albarka.  

Naka mai biyayya,
Malamin Hausa kuma mai riƙe da makullin laburare,
Ƙaramar Hukumar Bagudo, Jihar Kebbi.